Haƙƙin Maƙwabci A Cikin Littafin Da Ke Kulle



Duk wanda ya bi titin Zariya a cikin Kano, ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi Unguwa Uku, zai ga kusan kowace bukata ta ɗan Adam an yi mata ƙofa. Majiyyaci yana da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Matafiyi yana da tashar Unguwa Uku. Mai neman ragon suna ko na layya yana da 'Yan Awaki, mai cefane yana da kasuwar Tarauni, mai salla kuwa, alhamdu lillahi, ba ya yin doguwar tafiya bai tarar da masallaci ba. To, amma saurayin da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa huɗu, ga jarrabawa ta gabato, ga wuta babu, ina zai zauna ya buɗe littafi? Babban laburaren jiha na tunawa da Janar Murtala Muhammad yana can kan titin Ahmadu Bello a Nasarawa. Zuwa da dawowa sai da kuɗin mota, shi kuwa ba kullum ake samunsa ba. Ƙaramar Hukumar Tarauni tun a ƙidayar shekarar 2006 ta haura mutum dubu 200, kuma kowa ya san yadda jama'a suka ƙaru tun daga lokacin.

Abin mamaki shi ne, ba littattafan ne babu ba. A Tarauni da Darmanawa da Daurawa da Babban Giji akwai gidaje masu yawa da ke da kabad cike da su. Akwai na malamin da ya tsufa ganinsa ya raunana, akwai na ma'aikacin da ya yi ritaya, akwai na alhajin da ya sayo manyan tafsirai da sharhohin hadisi daga Madina ya jera a falo, har yau wasu mujalladan ba a ɓare ledarsu ba. Ƙura da gara su ne masu ziyartarsu. A bayan katangar gidan kuwa ga ɗalibi yana neman shafi guda daga cikinsu bai samu ba. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: shin wannan ɗalibi yana da wani haƙƙi a cikin littafin da ba shi ya saya ba? In kuwa yana da shi, ta wace hanya zai kai gare shi ba tare da an zalunci mai littafin ba?

A gaban alƙali amsar a fili take. Littafi dukiya ce. Ana saye, ana sayarwa, ana kyauta, ana gādo, kuma wanda ya ɗauki na wani ba da izini ba ya ci haram. Babu wanda zai tilasta wa mutum buɗe kabad ɗinsa. Sai dai shari'a ba ta ƙare a zauren alƙali ba, akwai abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Tun farko ma malamai ba su ɗauki littafi kamar buhun gero ba. An ruwaito cewa Imamu Malik, Allah Ya jiƙansa, ya ƙyamaci sayar da littattafan fiƙihu, ko da yake malaman mazhabarsa na baya sun halatta da suka ga maslahar mutane ta rataya a kan haka. Dalilin ƙyamar tasa ba ɓoyayye ba ne. Takarda da tawada da wahalar mai kwafa suna da farashi, amma abin da ke cikinsu an saukar da shi ne domin mutane duka.

A ƙarshen Suratul Ma'un Allah Ya zargi masu hana 'yan ƙananan abubuwan taimako. Sahabi Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, ya fassara su da irin kayan da maƙwabta kan ara wa juna, watau gatari da guga da tukunya. Sifar da ta haɗa waɗannan kaya ita ce, mai su ba ya rasa kome in ya bayar, mai bukata kuwa aikinsa yana tsayawa in an hana shi. Wane abu ne ya fi littafi cika wannan sifa? Tukunya ma tana yin baƙi in an ɗora ta a murhu, gatari yana dakushewa, amma shafi ba ya raguwa don ido ya bi ta kansa. Har ila yau aya ta 159 ta Suratul Baƙara ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu ɓoye shiriya bayan an bayyana ta, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito narkon linzamin wuta ga wanda aka tambaye shi ilmi ya ɓoye. Ba a ce duk wanda ya kulle kabad ya shiga wannan narko ba, domin malamai sun ƙayyade shi da ilmin da ya zama dole kuma babu wata hanyar samunsa. Amma mai hankali ba ya jin daɗin zama kusa da iyakar irin wannan magana.

To, mai littafi shi ma yana da hujjarsa, kuma ba hujjar banza ba ce. Zai ce ya sha bayarwa ba a dawo masa da shi ba. Zai ce an karɓi juzu'i na uku daga cikin goma, yau shekara bakwai, ga tara nan sun zama marayu. Wanda ya dawo ma ya dawo da tabon man ja, ko an yage bangonsa, ko an cika gefensa da rubutun biro. Wani kuma in aka tuna masa sai ya ɓata rai, ya ce a kan littafi kawai ake masa wannan bibiya, zumunci ya lalace a banza. Duk wanda ya taɓa mallakar littattafai ya san wannan ciwo. Mafi yawan rowar littafi da ake gani a garin nan masu aro ne suka haife ta, kuma zunubinta yana da rabo a wuyansu, don sun toshe wa na bayansu ƙofa.

Magabata ba su yi wasa da wannan ba. Imamu Zuhri ya kira riƙe littafin aro da sunan gululu, watau sunan da ake kiran satar ganima kafin a raba ta. Haɗibul Bagdadi, wanda ya rasu a shekarar 463 ta Hijira, daidai da 1071, ya ware babi a kan aron littafi a cikin littafinsa na ladubban mai ruwaya da mai sauraro, ya kwaɗaitar da mai bayarwa, ya kuma tsoratar da mai riƙewa. Ibn Jama'a, wanda ya rasu a 1333, ya bi bayansa da ƙa'idoji dalla-dalla: kada mai aro ya jinkirta mayarwa bayan ya biya bukatarsa, kada ya yi rubutu a ciki sai da yardar mai shi, kada ya ara wa wani, kuma ya yi godiya. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya karanta, kayan aro iri biyu ne: akwai wanda ake iya ɓoyewa, akwai wanda ba a iyawa, kamar dabba. Littafi yana cikin kashi na farko, saboda haka wanda ya ce ya ɓata a hannunsa shi zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne.

A nan ne haƙƙoƙi biyu suka yi karo, na mai bukata da na mai dukiya, kuma daga wannan karo ne ɗakin karatu na jama'a ya samo asalinsa a wajen Musulmi. Ibn Haldun da ya ba da kwafin babban littafinsa na tarihi waƙafi ga masallacin Ƙarawiyyin da ke Fas a shekarar 799 ta Hijira, watau 1396, bai bar abin kara zube ba. Ya shardanta cewa ba za a fitar da shi ba sai ga amintacce, da jingina, kuma kada ya wuce wata biyu a hannunsa. Ga rajista, ga wa'adi, ga mai tsaro. Abin da laburaren zamani ke yi da kati da hatimi ke nan, babu bambanci sai na suna. Mai littafi ya huta da jin nauyin tambayar abokinsa, ɗalibi kuma ya huta da ƙasƙancin roƙo, domin yanzu ƙa'ida ce ke magana a tsakaninsu.

Akwai wata mas'ala a cikin Muhtasar na Shaihu Halil da ya kamata masu kabad su sani, don tana sauƙaƙa abin da suke ganin ya yi nauyi. Asali a mazhabar Malik, waƙafi ko hubusi ba ya tabbata sai abin ya fita daga hannun mai shi kafin mutuwa ko cutar ajali ko karayar arziki su riske shi. Amma an togace abubuwan da ba su da riba ta kuɗi, irin su littafi. In mutum ya yi hubusin littattafansa, yana fitar da su ga masu karatu suna dawo masa da su, hubusin ya inganta ko da a gidansa suke kwana. Daɗin daɗawa, mazhabar ba ta shardanta dawwama ba, mutum yana iya yin hubusi na shekara biyar ko goma. Ashe ke nan tsohon malamin nan na Darmanawa ba sai ya rabu da abokan zamansa na shekara arba'in ba. Zaurensa ma ya isa, in ya sanya rana da lokaci, ya ajiye littafin rajista, ya kafa shaidu biyu.

Wanda bai yi haka ba kuwa, ya san abin da ke jiran littattafansa. Ranar rabon gādo za a ƙiyasta su da kuɗi. Wani magāji zai ɗauki rabin tafsiri, wani ya ɗauki rabi, wanda bai san Larabci ba ya kai nasa kasuwa, ragowar a zuba a buhu a jefa sito har damina ta gama da su. Tarihin Kano yana da misali da ya isa abin lura. Malam Umaru Falke, bafatake kuma malami, wanda ya rayu daga 1893 zuwa 1962, ya tara rubuce-rubuce sama da 3,000, na fiƙihu da tauhidi da waƙoƙi da magani da hisabi, da Larabci da ajami. Allah Ya tsare su ba su watse ba, amma yau suna cikin laburaren Jami'ar Northwestern, kusa da Shikago a Amurka. An adana su, an yi musu fihirisa, masu bincike suna amfana, kuma ba a raina wannan hidima ba. Sai dai ɗan Unguwa Uku da ke son ya riƙe takardun da wani Bakano ya tara sai ya nemi biza. Na Falke an san inda suke. Na malamai nawa ne suka tafi a cikin buhu ba wanda ya ƙidaya?

Amma fa tara littattafai wuri ɗaya rabin aiki ne, watakila ma bai kai rabi ba. Suratul Jumu'a ta buga misali da jaki mai ɗauke da littattafai, kuma gini ma yana iya zama irin wannan jaki: kantoci cike, ƙofa a buɗe, ma'aikaci yana gyangyaɗi, ba mai shiga. Abin da ke raba ɗakin karatu da sito shi ne abubuwan da ake gudanarwa a cikinsa. Darul Ilmi da aka buɗe a Alƙahira a shekarar 1005, kamar yadda Maƙrizi ya ba da labari, kowa yana shiga, kuma ana ba da takarda da tawada da alƙalami kyauta ga mai son kwafa, ga malamai an ajiye da albashi, na ƙira'a da na nahawu da na likitanci da na taurari. Yaƙutul Hamawi ya ce ya tarar da taskokin littattafai goma na waƙafi a birnin Marwa, kuma yakan tara mujalladi 200 a gidansa ba tare da jingina ba, kafin mayaƙan Tatar su rushe birnin a 1221. Mutanen Marwa sun fi Ibn Haldun sakin hannu, kuma daga wannan sakin hannu ne aka sami babban ƙamus na garuruwa da har yau ake komawa gare shi.

A nan Kano ma littafi bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Muhammadu Kisoke, daga 1509 zuwa 1565, Shaihu Tunusi ya zo da Ashafa, Shaihu Abdussalami kuma ya zo da Mudawwana da Jami'us Sagir. Kowane littafi da malaminsa. Daga baya, Sarki Abubakar Kado shi da kansa ya riƙa zuwa gidan malami yana karatun Ashafa. Zauren malami shi ne laburaren Hausawa na asali, kuma yana da tsarin aikinsa: darasin asuba, darasin bayan la'asar, tafsirin azumi, ɗalibi ya ari littafi ya kwafa ya mayar. Da Turawa suka zo, En'e ta buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa a lokacin yaƙin duniya na biyu, aka riƙa ajiye jaridu, har da Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa waɗannan ɗakuna. Inda aka sami ma'aikaci mai himma abin ya yi amfani. Inda aka ɗora wanda ba shi da wani aiki don kawai ya riƙe mabuɗi, ɗakin ya koma wurin hutun rana.

Sa'an nan sai tambaya mafi nauyi ta taso. Idan ɗakin karatu na jama'a ne, mene ne rabon wanda bai iya karatu ba? Ɗan kamasho a tasha da dillalin awaki da mai tura baro suna biyan haraji ta hanyoyi daban-daban kamar kowa. In aka gina wuri da dukiyar jama'a, ko da sunan sadaka ga jama'a, aka ce sai mai takardar makaranta zai amfana, an ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kurum. Amsar tana cikin Sira. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, an sanya fansarsu ita ce koya wa 'ya'yan Madina rubutu. A lokacin Musulmi suna cikin tsananin bukatar dukiya, amma Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi koyarwa a madadinta. Watau samar da mai karatu yana gaba da samar da abin karantawa. Jihar Kano ta taɓa fahimtar haka, domin a 1980, zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ta kafa Hukumar Ilmin Manya, kamar yadda Jihar Arewa ta yi Yaƙi da Jahilci tun a shekarun 1950.

Saboda haka aikin farko na ɗakin karatu a wuri kamar Unguwa Uku shi ne ajin manya, tsakanin magariba da isha ko bayan isha, lokacin da kasuwa ta tashi. Kuma a nan akwai wata dukiya da ake takawa ana wucewa. Da yawa daga waɗanda ake kira jahilai a takardun hukuma sun yi makarantar allo, sun san baƙi da wasali, wasu ma suna rubuta bashinsu da ajami. Irin wannan mutum ba daga farko zai fara ba. Wanda ya san cewa alama tana tsayawa a madadin sauti ya riga ya haye babban kogin, sauran kawai a nuna masa haruffan boko. Haka nan ɗan boko da ba ya iya karanta wasiƙar kakansa ta ajami yana da abin koyo a wajen alaramma. In aka zaunar da su a tabarma ɗaya, kowa malami ne kowa ɗalibi, kuma raini da ke tsakanin ɓangarorin nan biyu, wanda ya daɗe yana cin al'umma, zai sami wurin da zai fara narkewa.

Akwai kuma karatu a bayyane. Mutum ɗaya ya karanta, ashirin su saurara, sa'an nan a tattauna. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne, da shi ya saba a majalisin tafsiri da gindin rediyo. Tsoho mai raunin gani da makaho da wanda bai yi makaranta ba duk suna da rabo a ciki. Abin karantawa kuwa ba sai wa'azi kaɗai ba: tarihin garinsu, bayanin cututtukan yara da rigakafinsu, hukuncin haya da jingina da sayen fili, yadda ake cike takardar banki don kada a cuci mutum da sa hannu a kan abin da bai sani ba. Asibitin koyarwa yana nan a bakin titi cike da likitoci da ɗaliban likitanci. Awa ɗaya a wata daga ɗayansu, yana amsa tambayoyin unguwa a kan hawan jini ko ciwon suga, ba ƙaramar sadaka ba ce.

Mata fa? Buhari ya ruwaito cewa mata sun kai kuka ga Manzon Allah (S.A.W.) cewa maza sun rinjaye su a wajensa, suka nemi ya ware musu rana, ya kuwa ware. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya soki malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta jira matan ƙauye su iya zuwa wurinta su duka ba. Ta naɗa jajis, suna karɓar karatu a wajenta suna kai wa 'yan'uwansu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Wannan shi ne laburaren tafi-da-gidanka kafin a ƙera mota. Masu cewa matan Kano ba su da sha'awar karatu ba su lura da abin da ya faru tun daga tsakiyar shekarun 1980 ba, sa'ad da littattafan Hausa na hikaya suka cika gari, mata suna aiken yara wajen masu bayar da haya, a karanta a mayar a karɓo wani. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan abin da ke cikin wasu daga littattafan, sun tabbatar da cewa ƙishirwar tana nan. Ranar mata a mako, da ma'aikaciya mace, da jaka mai zagaya gidaje, su ne za su kai ruwa mai kyau inda ƙishirwar take.

Wani zai ce duk wannan zance ya tsufa, tunda waya ta zo. Gaskiya ne, yau ɗalibi yana ɗauke da dubban littattafai a aljihunsa, Maktabatus Shamila kaɗai ta fi abin da manyan malaman da suka gabata suka mallaka. Amma waya ba ta ba da kujera da fitila da shiru. Ba ta gaya wa yaro da wane littafi zai fara, ba ta gyara masa in ya karanta kuskure, kuma ƙofar da littafi ke shigowa ta nan TikTok ke shigowa, shi kuwa ya fi littafi iya kira. Ban da haka, ba kowa ke da ita ba. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Ɗan mai hali ya girma yana wasa da ita a gida, ɗan mai gadi kuwa wani lokaci ranar jarrabawar ce ranar farko da zai zauna gabanta, hannunsa yana rawa, lokaci yana tafiya. Ya faɗi ba don bai san amsa ba. Kwamfuta biyar da farantin sola a ɗakin karatun unguwa suna iya cire wannan zalunci da ba wanda ya yi niyyarsa.

Saura wani tsoro da ya fi na ɓatan littafi zurfi a zukatan iyaye da malamai, shi ne tsoron abin da za a karanta. Wannan tsoro yana da gurbinsa. Yaro amana ne, kantar yara dole ta bambanta da ta manya, kuma abin da yake batsa ne ƙarara ba shi da mazauni ko'ina. Sai dai a nan ma akwai tarko. A gari irin Kano, inda kowane masallaci aka san ɓangaren da ya dogara gare shi, abu ne mai sauƙi mai riƙe da mabuɗi ya mayar da kalmar "littafi mai cutarwa" ta zama "littafin waɗanda ba na tare da su". Sai a wayi gari ɗakin karatun wannan layi babu littafin ɗariƙa ko ɗaya, na wancan layi kuma babu na masu sukarta ko ɗaya. Wurin ya tashi daga na jama'a ya koma ofishin ƙungiya. Magabata da suka yi raddi sun fara karanta abokin saɓaninsu ne daga bakinsa. Imamu Gazali sai da ya rubuta littafi guda yana bayyana manufofin masana falsafa yadda su kansu za su yarda da bayanin, kana ya rubuta na rushe su. Saurayin da bai taɓa ganin hujjar wani ɓangare ba sai a bakin mai zaginsa, shi ne mafi sauƙin tunzurawa ranar fitina. Adalci ga wanda ake saɓani da shi umarni ne na Alƙur'ani, kuma kantar littattafai tana cikin wuraren da ake gane ko an bi shi.

To, nauyin a wuyan wa yake? Hukuma tana da kasonta, kuma ba a yafe mata ba. Amma abin da jama'a ke bukata kuma mutum ɗaya ba ya iya yi, in an rasa mai tsayawa da shi, laifin yana hawa kan masu iko duka gwargwadon ikonsu. Mawadata a wannan yanki ba su da rowa wajen gina masallaci, Allah Ya saka musu. Sai dai wani lokaci akan gina sabo a inda na kusa da shi bai cika sahu biyu ba, alhali hadisin da Muslim ya ruwaito a kan ayyukan da ba su yankewa bayan mutuwa ya ambaci ilmi mai amfani a jere da sadaka mai gudana. Ɗaki ɗaya a jikin masallacin da ke akwai, ko shago ɗaya daga cikin jerin shaguna, ya wadatar a fara. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, saboda haka akwai inda za a rubuta waƙafi ya zauna da gindinsa, ba a bar shi a fatar baki magāda su zo su musa ba.

Abin da aka fi mantawa da shi a irin wannan aiki shi ne mutumin da zai zauna a ciki. Masu waƙafi na dā sukan haɗa taskar littattafai da gona ko kanti ko gidan haya, su rubuta a takarda cewa daga kuɗin ne za a biya mai tsaro, a sayi man fitila, a gyara abin da ya yage. Mai niyyar yin haka a Gyaɗi-Gyaɗi ko Unguwa Uku sai ya bi sawunsu: in shaguna biyu gare shi, ɗaya ya zama ɗakin, hayar ɗayan ta zama albashin ma'aikaci da kuɗin batirin sola. A rubuta ranakun buɗewa da ranar mata da daren ajin manya, a rubuta wa'adin aro da abin da wanda ya ɓatar zai biya, a kuma ambaci wanda zai naɗa sabon ma'aikaci in na farko ya rasu ko ya tashi daga unguwar.